Labarin Bindigar Maharba A Arewacin Kano

Ran nan muna karatun Turanci da 'yan aji shida a wata makaranta da ke arewa da Dambatta, sai muka iske labarin wani Bature da ya hau duwatsun ƙasar Sikotlan neman wata dabba da su ke kira deer. Mai littafin ya ɓata shafi guda cur yana bayanin irin bindigar da mutumin ya zaɓa, da awon bakinta, da nauyin harsashinta. Da muka ƙare, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to, mu nan in mutum zai harbi barewa, wace bindiga ya kamata ya saya?" Kafin mu amsa, muka ce duk wanda ya taɓa ganin barewa tana kiwo a daji da idonsa ya miƙe tsaye. Yara arba'in da ɗoriya, ba wanda ya motsa. Biyu daga cikinsu suka ce sun gan ta a gidan namun daji na Kano, ta bayan waya. Alhali kuwa ba wanda bai san karin maganar nan ta barewa da ɗanta ba, har sun rubuta ta a jarrabawa.

Muka yi wa yaron alkawarin amsa, ga ta nan mun kawo, domin sauran 'yan makaranta su ma su ji. Sai dai ku yi haƙuri, amsar tana da tsawo, gama ta bi ta cikin tarihin ƙasar nan tamu.

Da farko sai mu gyara wani kuskure wanda mu malamai mu ke yawan yi. Dabbar nan ta cikin littafin ba barewa ba ce, ko da ya ke haka mu kan fassara ta don rashin wani suna. Ƙahonta ƙashi ne mai rassa kamar itace, namiji ke fid da shi, ya kan kuwa zubar da shi kowace shekara wani ya tsiro. Ƙahon barewa da na gada da na gwanki ba shi da reshe, yana da kube kamar na akuya, ba ya faɗuwa har mutuwa. Duk faɗin Afirka ba inda a ke samun waccan dabba ta asali sai a duwatsun Aljeriya da Tunisiya. Namijinta ya kan haura kilo 100. Barewarmu kuwa ba ta cika wuce kilo 30 ba, gada ba ta kai haka ba, amma gwanki ya kan kusa kilo 300. Kun ga ashe tun daga nan bindigar da ta dace da ɗaya ba lalle ta dace da ɗaya ba.

Duk maharbin da ya san sana'arsa, ko na Sikotlan ko na Kunci, tambaya uku ya ke yi kafin ya ɗauki makami. Mene ne girman dabbar? Yaya nisan da za ta yarda a kusance ta? Me ke bayanta, in harbin ya kuskure? Ku riƙe ta ukun nan da kyau, domin ita ce za ta yanke mana hukunci a ƙarshe.

Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya fara ne da maharba. Ya ce Barbushe na Dutsen Dala ya kan kashe giwa da sandarsa, ya ɗauko ta a ka. Ba sai mun gaskata zancen sandar ba, amma giwar abin lura ce: masu ba da labarin ba su ga wani abin mamaki ba a ce akwai giwa kusa da Dala. Maharban zamanin nan da na bayansu baka da kibiya su ke riƙewa, ƙarfin kibiyar kuwa yana ga dafin da a ke dafawa da 'ya'yan kwankwani a shafa mata. In ta huda fata, ko a cinya ne, aiki ya gama, sauran bin sawu. Saboda haka mai baka bai damu da awon komi ba. Kibiya guda ta ishi gada, ta ishi gwanki, bambancin kawai tsawon tafiyar da zai yi kafin ya iske naman a kwance.

Littafin ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, cikin kayan da wani ɗan sarkin Barno mai suna Dagaci ya zo da su, amma masana da yawa suna ganin zancen ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya tabbata shi ne Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar a ƙarshen ƙarni na 16. A Kano kuwa sai zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka ce an fara kawo bindigogi daga Nufe, sa'an nan Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, ya zama sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ga wani abin sha'awa ga masu son harshe: bindiga, da albarushi, da harsashi, duk kalmomin Larabci ne da suka ƙetaro hamada, amma ƙarfen kansa yawancinsa ta kudu ya hauro, daga bakin teku.

Kada ku zaci da zuwanta ta cika ƙasa. A 1826 Bature Clapperton, wanda a ke kira Abdullahi, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Gobirawa a Konya. Mayaƙa dubun dubbai ne, amma bindigogin da ya ƙidaya arba'in ne da 'yan kai. Bayan shekara 25 Barth, watau Abdulkarim, ya biyo ta Kusada da Bici ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya ƙiyasta ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa kasuwar Kano kowace shekara, yawancinsu ƙirar Solingen ta Jamus, amma bindiga kaɗan ya gani. Abin da sarki ke tattali don yaƙi, ina talaka zai same shi don harbin gada? Har wajen ƙarshen ƙarni na 19 maharbin ƙauye mai baka ne, mai bindiga ɗaiɗai ne.

Bindigar da ta fara isa hannun maharba ita ce adaka, wadda yanzu a ke ce wa bindigar toka, masu ba'a kuma su ce harba-ka-ruga. Turawa suna jingina sunanta ga mutanen Danmak, domin su suka yi suna wajen sayar da ita a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana, ko da ya ke daga baya yawancinta a Birmingham ta Ingila da Liege ta Beljiyam a ke ƙera ta. Doguwa ce, ta kusa tsawon mutum, cikinta sumul kamar gora. Ta baki a ke ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma a danna da sandan ƙarfe, a zuba harsashi, a sake cusa tsumma a danna. A jikin kunamarta akwai ƙanƙara, in an ja ta sai ta ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan albarushin da ke gefe, wuta ta bi ta wata 'yar ƙofa ta shiga ciki. Tsakanin jan kunama da tashin bindiga akwai ɗan jinkiri, kamar ƙiftawar ido, amma ya isa barewa ta yi tsalle. In raɓa ta sauka ko iskar damina ta buso, sau da yawa sai ƙyas kawai za a ji, nama ya yi gaba.

A nan ne gwanintar maharbinmu ta ke, mu kuwa muna ganin ba a yaba masa yadda ya kamata ba. Baturen cikin littafin yana zaɓen awon harsashi sau ɗaya ne, ran da ya shiga kanti. Mai adaka kuwa bindigarsa ɗaya tak, bakinta ɗaya, saboda haka kowace safiya sai ya sake zaɓe a wajen ɗuri. Wani tsohon maharbi da muka ziyarta a wani ƙauye yamma da Makoɗa ya nuna mana yadda a ke yi. In ya gama ɗuri sai ya zura sandan ƙarfen har ya tsaya, ya auna abin da ya yi saura a waje da yatsunsa, da haka ya ke sanin nauyin abin da ke ciki. Ɗurin zabo da fakara kaɗan ne, da tsaba ƙanana masu watsuwa, tsakuwar marmara ko gutsattsarin ƙarfe. Ɗurin gada da barewa ya fi haka, da 'yan dunƙulen dalma uku ko huɗu. Na gwanki ko gadu kuwa dunƙule guda ne babba, da albarushi mai yawa, wanda in ya tashi sai kafaɗa ta kwana tana tsami. Ya ce wanda ya yi wa barewa ɗurin gwanki ya ɓata nama, wanda ya yi wa gwanki ɗurin barewa ya ɓata rai a banza, gama dabbar za ta tafi da rauni ta mutu inda ba mai yanka ta, ungulu su ci. Shi ya sa maharbi ba ya rabuwa da wuƙa, ya kan yi bisimilla kafin ya saki, ya kuma ruga ya yanka in ya iske da sauran rai.

Babban aibin adaka shi ne gajeren zango. Dunƙulen ba ya cika bakin, yana fita yana karo da gefe da gefe, in ya wuce taki hamsin ko sittin ba mai iya cewa ga inda zai faɗa. Barewa kuwa dabbar fili ce, mai ido da kunne, ba ta tsayawa mutum ya zo taki ɗari. Gada da mazo masu ɓuya a kurmi sun fi ta sauƙi, a kan yi musu kwanto a bakin ruwa. To, yaya za a yi da barewa? Abin da bindiga ta kasa sai dabara ta cika. Maharbi ya kan sami kan burtu, da dogon bakinsa da jan maƙogwaronsa, ya kafa shi a kan itace mai lanƙwasa, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Haka zai yi ta rarrafe cikin ƙarangiya, yana lura kada iska ta kai musu warinsa, wani lokaci tun hantsi har azahar, sai ya zo kusa ƙwarai sa'an nan ya ɗaga bindiga. Harbi ɗaya gare shi, ba na biyu.

Giwa kuwa ta fi ƙarfin kowane dunƙule da adaka za ta iya jefawa. Sai maharba suka haɗa tsohuwar hikima da sabuwa, suka ƙera sango, watau gajeren mashi mai kaifi wanda a ke shafe da dafi, a zura ƙotarsa cikin bakin bindiga a kan albarushi, a harba daga kusa. Bindiga ta huda fata, dafi ya ƙarasa. Sunan makamin nan ya shiga tarihin sarauta, gama Sarkin Kano Alu, wanda ya hau bayan Basasa ya yi mulki daga 1894 zuwa 1903, har yau Alu Maisango a ke ce masa.

Zamaninsa ne bindiga ta yawaita a arewacin Kano, dalili kuwa maƙwabta. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a ke dakan albarushi a Zandar, a ke kuma zuba igwa ta tagulla, har an ruwaito yana da bindiga 6,000 da igwa 40. A ƙarshen shekarun 1890 Ahmadu Kuran Daga ya yi ta kawo yaƙi ƙasar Kano, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Ga abin da ya shafi zancenmu: saboda tsoron hari, mutane suna cure cikin garuruwa masu ganuwa, ba mai yarda ya yi gona nesa da ƙofa. Kewayen birni ya daɗe da zama gonaki, Barth ma ya yaba kyan noman da ya gani a hanyar Bici, amma can wajen iyaka, tsakanin Kano da Daura da Damagaram, an bar jeji mai faɗi ba kowa. Yaƙin da ya hana manomi sakewa shi ya tsare wa barewa da gwanki wurin kiwo. Annobar shanu ta 1891, wadda a ke kira Sannu, ta taɓa namun daji masu kofato, amma muddin jejin yana nan, abin da ya tsira ya kan sake yaɗuwa.

Sa'ad da a ke wannan, maƙeran Turai sun yi nisa. Sun daɗe da gane cewa in aka yi wa cikin bindiga tsaga mai murɗawa, harsashi zai fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak. Daga baya suka haɗa albarushi da harsashi cikin kwanso guda, a ɗura ta gindi. A 1871 sojan Ingila suka karɓi Martini-Henry, mai jefa dalma mai nauyin giram 31. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙago albarushi marar hayaƙi mai ƙarfi ƙwarai, nan da nan harsashi ya ƙanƙance, gudunsa ya ƙaru. Bindigar da Ingilishi suka koma wa a 1888 faɗin bakinta .303 ne na inci, watau bai kai sulusin inci ba, harsashin da aka daidaita mata daga baya giram 11 ne kacal, amma gudunsa ya kusa ninka na Martini-Henry. Wannan lamba da ku ke gani a littattafai, .303 ko .240, ita ce awon baki. Bindigar tsaba kuwa, irin mai baki biyu, da wata hanya a ke auna ta: in an ce lamba 12, ma'ana dunƙulen dalma 12 masu cika bakinta su ke yin laba guda. Saboda haka a nan ƙaramar lamba ita ce babban baki, abin da ya kan rikita ɗalibai.

Turawa ba su yi nufin wannan ci gaba ya iso gare mu ba. A 1890 ƙasashensu suka taru a Brussels suka ƙulla yarjejeniya, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindiga mai tsaga ko mai ɗuri ta gindi, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Sun ce don hana cinikin bayi ne. Ko mene ne nufinsu, amfanin dokar ya bayyana ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Kanar Morland ya tsaya a bayan ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa, aka ci birnin.

Daga nan zaɓen bindiga ya fita daga hannun maharbi ya koma hannun hukuma. Bindiga mai tsaga ta zama ta soja da Joji da Razdan, da wanda suka yarje wa. Talaka sai adaka, ita ma da lasin. A 1916 aka kafa dokar kiyaye namun daji ta Nijeriya, aka jera dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da takarda. Tsofaffin maharba sun riƙe wannan a zuci, suna cewa Bature ya hana su nama ya ci shi kaɗai, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Amma mu a namu ganin, ba bindigar Bature ce ta kori barewa daga arewacin Kano ba, ba kuwa adaka ba. Fartanya ce. Da hari ya ƙare, mutane suka fito daga ganuwa suka bazu, kowa ya sari jeji ya kafa gida a tsakiyar gonarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji kuma sai da kuɗi. Saurar da a kan bari ta huta shekaru aka daina barinta, jakuna suka dinga kai itace birni suna komowa da taki. Sa'ad da Mortimore da Wilson suka buga bincikensu a kan ƙasar da ke kewaye da Kano a 1965, sun iske fiye da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar da ke kusa da birni ana noma ta kowace shekara. Itatuwan da ku ke gani, gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi. Ƙasa ce mai albarka, ta ci da mutane masu yawan gaske, ba ma kuka da ita. Sai dai barewa ba ta haihuwa a kunyar gero.

Da nama ya ƙanƙance, ɗuri ma ya ƙanƙance. Sango ya zama abin rataya a bango. Babban dunƙule ya bi gwanki, sai fa wanda zai tafi kudu wajen dajin Falgore ko ya wuce. Abin da ya rage a gonakinmu zomo ne, da kurege, da gafiya, da fakara, da hasbiya, da agwagin ruwa a madatsun Tomas da Watari, dukansu kuwa abincin tsaba ne, wasu ma kare da gora sun ishe su. Mai hali ya sayi mai baki biyu, marar hali ya tafi maƙera. Maƙeranmu sun gwanance, sun bar ƙanƙara sun koma ɗan ƙoƙon da ke kama wuta in kunama ta sare shi, suna kuwa yin bututun da sandan sitiyarin tsohuwar mota, tsabar kuma 'ya'yan boris na keke. Wanda ya yi arha ya yi da famfon ruwa, a nan haɗarin ya ke, domin famfo yana da ɗinki a tsawonsa, ba a yi shi don ya jure wuta ba. Tsohon nan na yamma da Makoɗa yatsa uku gare shi a hannun hagu. Ya ce yana saurayi ya ari irin wannan bindiga, ya ƙara mata ɗuri don ya burge abokai.

Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, cikinsu har da bindigogin soja masu awon .303 da milimita 7.62, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na farauta, irin su mai baki biyu, masu neman lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Sa'an nan akwai masu ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ku gwada wannan da ta Ingila. Can tun 1963 doka ta hana harbin barewarsu da bindigar da bakinta bai kai .240 na inci ba, ta kuma ƙayyade ƙarfin bugun da harsashi zai yi, don kada a raunata dabba ta tafi tana wahala. Tasu dokar tana tsoron bindiga ta yi wa dabba kaɗan, tamu tana tsoron ta yi wa mutane yawa. Hujjar Ingilishi kuwa ita ce dai wadda tsohon maharbinmu ya faɗa da yatsunsa a kan sandan ɗuri.

Yanzu sai mu koma ga tambaya ta uku, me ke bayan dabbar. Bindiga .303 an yi mata ma'aunin saiti har yadi 2,000, harsashinta kuwa in ya kuskure ya kan yi tafiyar da ta kusa mil biyu kafin ya faɗi, da sauran ƙarfin kisa a jikinsa. Baturen Sikotlan yana harbi ne a kan dutse, inda ba kowa, tudu na bayan dabbar yana tare harsashi. Ku fita bayan makarantarku da rani, bayan an kwashe kara, ku duba ko wace fuska. Ƙasa shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba kwari. Cikin mil biyu gida nawa za ku ƙidaya, rijiya nawa, yara nawa masu kiwon awaki, mata nawa masu tafiya kasuwa? Tsabar da a ke harbin zabo da ita ba ta wuce yadi 300 ta zube. Ko da a ce yau barewa ta ɓato hanya ta shigo gonakin Minjibir, bindigar da ta dace da jikinta, watau mai tsaga mai ƙaramin baki wajen .240, ba ta dace da wurin ba. Balle ma masana sun sa barewar nan mai jan goshi cikin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu, wanda ya gan ta ya kamata ya kira 'yan'uwansa su yi kallo.

Maharban da ba su iya barin sana'ar kakanninsu ba sai su bi nama inda ya ke, tafiyar kuwa kullum ƙara nisa ta ke yi. A watan Maris na 2025 wasu mafarauta 'yan Jihar Kano, yawancinsu daga wajen Bunkure, suna komowa gida daga Fatakwal don yin Salla, aka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo. Aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka zarge su da satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Irin bindigar da kakanninsu suka riƙa rataya a kafaɗa suna ratsa kasuwa ba mai ɗaga ido, ita aka kafa hujja da ita.

Da za mu bar gidan tsohon nan, muka tambaye shi yaushe rabonsa da harbin barewa. Ya yi shiru yana lissafi da sarakuna, ya ce tun Sarki Sanusi na farko yana kan gado, watau kafin 1963, kuma ko a sa'an nan sai da ya yi kwana biyu yana tafiya arewa. Bindigar tana nan, ya shafe ta da man gyaɗa ya naɗe da tsumma. Ya ce yanzu sau biyu ta ke fita a shekara, ran hawan hakimi da ƙaramar Salla da babba, ya bi sahun 'yan bindiga, a ɗura albarushi da tsumma ba harsashi, a ɗaga baki sama a saki. Kan burtun kuwa jikokinsa sun ɗauke shi, da shi su ke tashe.